Faifan da Issifu Ya Bari

Shekara huɗu Gafaru da Issifu suna ɗaki ɗaya a unguwar Al Asmakh ta Doha, dukansu 'yan Zangon Kumasi, dukansu masu ɗaukar kaya a filin jirgin Hamad. Kafin ya zo Doha, Issifu mai busa ƙaho ne a wani otal. A ƙasan akwatinsa akwai tsohon faifan kiɗan jaz: wata mawaƙiya ce ke rerawa, maza kusan ashirin suna busa a bayanta. Ba shi da garmahon da zai saka shi. Sai dai ranar Juma'a ya fito da shi, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar.

Korona ta kama Issifu a watan Yunin 2020. Motar asibiti ta tafi da shi, kwana tara ya rasu. Gafaru yana killace, bai ma samu sallar jana'izar ba. Ya aika wa Fuseina, matar mamacin, kayan mijinta, amma ya kasa rabuwa da faifan. Bai gaya mata ba.

Ana cikin gasar kofin duniya ta kira shi.

"Gafaru, na ga 'yan Ghana suna busa a talabijin, na kasa cin abinci. Faifan nan yana wurinka?"

Ya ce, "Yana nan, Yaya. Ki yafe mini."

"Ba faɗa na kira ba. Da shi Issifu ya nemi aurena. So nake in ji."

Washegari bayan la'asar ya kai faifan shagon wani dattijo mai gyaran rediyo. Mutumin ya ɗaga shi ya duba, ya girgiza kai. Zafin ɗaki ya lanƙwasa shi.

"Khalas, shi ke nan, wannan ya lalace," in ji shi.

Gafaru ya roƙe shi ya gwada. Ya kira Fuseina, ya kara wayar a jikin lasifika. Ƙahonin suka taso gaba ɗaya, sai suka karkace, muryar matar tana hawa tana sauka, allura tana tsalle.

"Yaya, bari in tsayar. Ba haka yake ba."

"Na sani," ta ce. "Bar shi ya ƙare."

Dattijon ya turo masa kujera. Gafaru bai zauna ba. Yana jin kukanta a hankali ta wayar har aka juya ɗaya gefen.