An Raba Gonar Mani da Ransa

Abdussalamu bai taɓa nufin kashe ubansa ba, ko da a cikin waya ne. Amma abin da ya yi ke nan, wata ranar Laraba da hantsi, a ɗan shagon da suke haya kusa da tasha a Dogon Dutsi.

Shi da abokinsa Kamaluddeen sun daɗe suna gina wata aplikasiyo ta rabon gado. Magidanci zai shigar da gonakinsa da bisashensa da sunayen iyalinsa tun yana numfashi. Ranar da ta Allah ta kasance, waya ta fitar da rabon kowa bisa shari'a, ta aika wa kowane magaji saƙon murya da Hausa, tunda ba kowa ya yi lakkwal ya iya karatun boko ba. Kuma ba kwaɗayi ya sa Abdussalamu wannan aiki ba. Ya tashi a Dumega yana ganin ubansa Mani da ƙanen uban suna wuce juna kamar ba nono ɗaya suka sha ba, a kan ɗan zirin gona da ko akuya ba za ta ƙoshi a ciki ba. Ya rantse su ba za su yi haka ba, shi da ƙanensa Munkaila da ƙanwarsu Zuwaira.

Matsalar irin wannan aplikasiyo ɗaya ce: ba ta nuna gwanintarta sai an mutu. Dole a gwada ta da wani.

«Saka sunan ƙarya mana,» in ji Kamaluddeen, yana fifita da kwali. «Malam Wane, mai gona goma.»

«Gonar ƙarya ba ta nuna kuskure. Ina da awon namu na gaskiya, da lambobin kowa. Tes ne kawai, gwaji.»

Ya ɗauki muryarsa yana faɗin sunaye da iyakoki, ya shigar, ya nemo sunan ubansa, ya danna inda aka rubuta *ya rasu*. Abu ɗaya ya manta, bai rufe hanyar aika saƙo ba. Rezon garin nan kuwa, wato sabis ɗin waya, wanda kullum sai an ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, ranar ya ga dama ya yi aiki kamar an biya shi lada.

Sai da wayarsa ta aljihu ta yi ƙara, ya ji muryar kansa tana yi masa ta'aziyya, sannan ya gane abin da ya aikata. Ya kira Zuwaira, rezo ya koma halinsa. Ya kira Munkaila, shiru. Ya haye moto, ɗan babur ɗinsa, ko hula bai ɗauka ba.

Magana zarar bunu ce. Zuwaira tana daka a gidan mijinta ta ji muryar yayanta yana salati yana cewa Allah ya yi wa Mani rasuwa. Wa zai tsaya tambaya? Tsohon ya fita tun asuba sharar gona, ba ya riƙe waya. Ta yar da taɓarya ta ɗora hannu a kai. Kafin rana ta take, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, samari sun bazama daji neman gawa. Har ƙanen Manin nan da ba sa ga maciji da juna ya zo ya durƙusa yana kuka da majina. Ana cikin haka sai ga amalanken jaki ya shawo kwana, Mani a zaune bisa kan itace yana cin goro. Wata tsohuwa ta ruga ta bar takalmanta a wurin, har yau ba ta koma nema ba.

Garin ya yi dariya har da riƙe ciki. Mani ma, aka ce, ya yi murmushi, ya ce ai ya ga masu sonsa tun bai tafi ba.

Da Abdussalamu ya iso bayan azahar, fuska duk ƙura, ya tarar an naɗe tabarmi. Ya zube gaban uban a zaure ya fara bayani, Hausa na sarƙewa da Faransanci. Mani ya ɗaga hannu. Ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunansa ba, yau ma bai kira ba.

«Kai wanga, bari. Zuwaira, kunna mini abin in ji da kunnena.»

Ta kunna. An wuce salati, an wuce sunan mamaci, tsohon bai motsa ba. Sai muryar ta shiga rabo: gonar gawo, daga tsohuwar rijiya zuwa layin gamba, ta bi ta bayan kalgo biyu ta tsaya a kan jan dutse. Nan Mani ya daina taunar goronsa.

«Wa yag gaya ma waya jan dutse?»

Jan dutsen a binne yake, kakan Mani ne ya binne shi a iyaka, kuma mutum ɗaya tak Mani ya taɓa tone wa shi.

Bara ne, bayan girbi. Abdussalamu ya zo gida ya ce, Baba, ina so ka zagaya da ni gonakinmu. Wannan yaro da lakkwal ta ɗauke tun yana ƙarami, wanda kunya ba ta bari su haɗa ido, shi ne yau yake neman a kai shi gona. Mani ya sa rigarsa ta Juma'a don zuwa daji. Suka yi ta tafiya har rana ta karkata. Ya nuna masa inda uwar Abdussalamu marigayiya take ajiye wa Mani fura, da gawon da aka kwantar da yaron ƙarƙashinsa yana jinjiri, da inda fari suka cinye hatsi wata shekara har Mani ya zauna ya yi kuka shi kaɗai. Maganar da bai yi masa ba tun haihuwa, ranar ya yi ta. Da ya dawo sai da ya gaya wa abokan hirarsa cewa ɗansa ya komo gida. Duk tafiyar nan wayar tana hannun Abdussalamu, tana zana iyaka.

«Ranan nan da munka zagaya,» Mani ya ce a hankali, «ni ina ce wurina kaz zo. Ashe awo kaka yi.»

«Baba, wallahi ba haka ba ne. Na ji daɗin ranar. Don kada mu yi faɗa bayanka na...»

«Bayana.» Tsohon ya gyaɗa kai. «To, na yahe maka. Tashi ka sha ruwa.»

Da duka ya yi, da zagi ya yi, da Abdussalamu ya samu abin riƙewa. Amma yafiyar da aka miƙo maka a sanyaye ba ta da inda za ka kama ta. Kuma gaskiya ya faɗa, ya ji daɗin ranar, har ya yi hawaye a kan moto da zai koma. Sai dai awon ma gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya kawo shi.

Ba a yi sati biyu ba aka aiko ya zo. Ya tarar da maigari da liman da dattawan unguwa a zaure. Mani ya sa aka sake kunna saƙon gaban kowa, ya ce a shaida, ya ba 'ya'yansa komai kyauta tun da ransa, daidai yadda waya ta yanka. Gonaki, rumbuna, shanun noma, har jakin da amalankensa. Liman ya ce a yi haƙuri a sake tunani. Munkaila ya fashe da kuka, Zuwaira ta riƙe ƙafar uban. Abdussalamu ya ce shi ba ya so, a bar masa uba kawai.

«Aikinka ya yi kyau, babu kuskure ciki,» in ji Mani, yana kallon bango. «An riga an yi mini makoki, an raba. Mi ya rage in riƙe?»

A Dogon Dutsi kuwa abin ya zama talla. Labarin tsohon da waya ta kashe ya zagaya kasuwa, 'yan tireda da ma'aikata suka yi ta zuwa shago a saka musu aplikasiyo. Kamaluddeen har ya sayi fanka. Abdussalamu yana zaune yana koya wa mutane yadda za su kauce wa rigimar gado, zuciyarsa kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Garin neman gira ya rasa ido, kuma ya sani.

Ruwan farko ya sauka da yammacin wata Asabar. Washegari da sassafe ya bar wayar a shago da gangan, ya kama hanyar Dumega cikin taɓo. Garin ya watse, kowa ya yi gona, ba ka jin komai sai kaji. A ƙofar gida ya ga ubansa zaune kan tabarma, ya ɗaure ɗamara, sungumi a jingine da bango, ƙwaryar iri a gefensa. Jiki ne ya tashe shi kamar kowace shekara, ya shirya tsaf, sai da ya zo bakin ƙofa ya tuna ba shi da inda za shi.

Abdussalamu ya durƙusa, ya juya aljihunansa waje.

«Baba, dubi, ban zo da komai ba. Tashi mu tafi gonar gawo. Kai ka sara, ni in bi ka da iri.»

Mani ya dubi aljihunan, ya dubi fuskar ɗan nasa, ya daɗe yana kallo, abin da bai saba yi ba. Idanunsa sun yi ja. Sannan ya tura ƙwaryar da ƙafa har ta taɓa gwiwar Abdussalamu.

«Ɗauki, irin mai kyau na. Tahi ka shuka gonarka tun ƙasa ba ta sha iska ba. In ko ɗan ƙodago kaka nema, ni na tsuhwa.»

Ya kwance ɗamarar, ya ninke ta, ya shiga ciki.