Abin da Thoa Ta Faɗa Mana

Ina da shekara talatin da huɗu na ajiye aikin banki na koma aji, neman digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci, a nan birnin Busan na ƙasar Koriya inda aka haife ni. Mu arba'in ne a ajin, sha ɗaya baƙi ne daga ƙasashen waje. Diep tana cikinsu. Daga Vietnam ta zo, 'yar ƙaramar mace mai saurin tafiya, ba ta cika magana a aji ba, amma in ta rubuta abu sai malami ya sake karantawa. Na girme ta da shekara shida, don haka Yaya take kirana.

A zangon ƙarshe Farfesa Namgung ya raba mu uku-uku, ya ba kowane rukuni matsalar wani kamfani na gaske. Ni ce shugabar namu, sai Diep, sai Min-gyu, wanda ubansa ya turo shi karatu don ya daina yawo. Kamfaninmu na takalma ne, hedikwatarsa na unguwar Sasang. Yana da masana'anta a lardin Thanh Hoa na Vietnam, ma'aikata ɗari tara, kusan duk mata. Takalman da ake yi a can sun fara ɓallewa a ƙafar masu saye, ana ta mayar da su. Aikinmu shi ne mu gano dalili, mu ba da shawara.

Diep na ganin sunan garin da masana'antar take a takardar da aka ba mu, ta ɗora yatsa a kai.

"Garinmu ne," ta ce. "Yayata Thoa a nan take aiki. Shekara sha ɗaya tana sashen gam."

Min-gyu ya tafa hannu. "Ashe muna da 'yar leƙen asiri a gida! Ni dai na huta, ku tashe ni ranar karɓar sakamako."

"Dama barcin ne aikinka," in ji Diep, tana dariya.

Farfesa ma da ya ji sai ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ranar Diep har ta saya mana gasasshen kifi a bakin ƙofar makaranta. A ganinta dama ce ta samu ta yi wa garinsu wani abu.

Duk Lahadi da rana, ranar hutun masana'anta, sai mu zauna a ɗakinta ta kira Thoa ta bidiyo. Thoa ta fi ta jiki, ta fi ta fara'a, fatar yatsunta duk ta tsage. Tana magana tana tsinke ganyen miya, Diep na juya mini maganar zuwa yarenmu. Ta ce injinan matse ƙasan takalmi tsofaffi aka sayo su. Ta ce rabin fankokin sun mutu, warin gam na sa mata ciwon kai har wasu su yi amai a bayan sito. Da damina ruwa na shiga inda ake ajiye fata. Sannan ta rage murya ta faɗi babban. Tun da aka ƙara musu yawan takalman da za su fitar a yini, ba sa jiran gam ya sha iska kamar yadda doka ta ce. Suna shafawa su manna su tura gaba, don in ba haka ba ba wadda za ta cika nata.

"Rubuta duka, Auta," ta ce wa Diep. "Shekara nawa muna faɗa ba mai ji. Yanzu ga ki can kusa da manya, ai kunnensu ya zo kusa."

Lahadin da ta biyo ta kawo ƙawayenta biyar, suka jeru a kan tabarma kowacce ta faɗi nata.

Muka rubuta shafi talatin. A sauya injina, a gyara fankoki, a ɗaga daɓen sito, a rage yawan da ake ɗora wa mata. Farfesa ya karanta a gabanmu, ya cire tabarau.

"Wannan ai takardar roƙo ce, ba rahoto ba. In sun ƙi gyara fa? Ina hanya ta biyu? Kamfanin ba shi da wata sabuwar masana'anta a Indonesiya?"

Duk mun san yana da ita. Da muka fito Diep ta kama hannun rigata.

"Yaya, kada ki sa wannan."

"Shafi ɗaya ne, a can ƙarshe. Wa zai kai wurin?"

"To in ba mai kaiwa, me ya sa za a rubuta?"

"Don ba za mu ci ba in babu shi. Kin ji shi da kunnenki."

Ni na rubuta shafin. Ban kai awa biyu a kansa ba. Na nuna cewa rufe Thanh Hoa a mayar da aikin Indonesiya ya fi gyara sauƙi da sauri. Ina son sakamako mai kyau, ina kuma son takardar yabo daga hannun Farfesa, don ban bar banki don in dawo gida hannu rabbana ba.

Ranar gabatarwa muka je Sasang, hawa na tara. Daraktan da ya saurare mu sunansa Pyo, mutum mai taushin murya. Yana ta juya shafuka kamar mai neman abin da ya ɓata, har ya kai inda aka yi maganar gam, ya tsaya.

"Wa ya gaya muku wannan?"

Diep ta sunkuyar da kai. Min-gyu, wanda bai taɓa zuwa ko Lahadi ɗaya ba, shi ya buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, daga bakin mai ita muka ji. Yayar wannan ce a ciki."

Darakta Pyo ya yi murmushi. Ya wuce zuwa shafin ƙarshe ya daɗe a kansa. Da za mu tafi, Diep kaɗai ya miƙa wa katinsa.

Rukuninmu ne ya zo na ɗaya. Kafin bikin kammalawa kamfanin ya kira Diep ya ba ta aiki. Bizarta ta karatu za ta ƙare a watan Agusta, kuma in ba aiki sai gida. Ta tambaye ni shawara, na ce ta karɓa, in tana ciki za ta fi iya kare su. Na yarda da abin da na faɗa a lokacin, ko kuma na so in yarda.

Ni ma na samu aiki a wani kamfanin dakon kaya. Muka yi wata uku ba mu haɗu ba. A watan Nuwamba ta aiko mini saƙo mu ci abincin rana a wani shagon taliya kusa da tashar Sasang. Na same ta cikin baƙar kwat, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Aka kawo mata kwano ba ta taɓa ba.

"Sun rufe," ta ce.

"Na gani a labarai. Diep..."

"Ba ki ga komai ba. Da ni aka je. Darakta yana buƙatar tafinta."

Ta ba ni labarin a hankali, idonta a kan tebur. An tara matan a filin masana'anta da hantsi, suka zauna a ƙasa layi-layi. Aka ba Darakta lasifika ɗaya, aka ba ta ɗaya. Ya karanta jimla, ta juya. Ya karanta, ta juya. Tun tana ƙarama ta san rabin fuskokin nan, wasu sun goye ta. Da farko har ɗaga mata hannu suke, ƙanwar Thoa ta zama babbar mace.

Sai ya zo kan dalilai. A cikinsu ya karanta cewa ma'aikata sun daɗe suna tsallake matakin shan iskar gam, kuma wasu daga cikinsu ne suka tabbatar da haka da bakinsu.

"Kika juya?" na tambaye ta.

"Na yi shiru. Ya waiwayo ya dube ni. Akwai manajoji a gefe da suke jin yarukan biyu, in na canza za su sani. Na juya, Yaya. Kalma-kalma."

Ta ce ba a yi ihu ba. Kawuna ne kawai suka riƙa juyawa, layi bayan layi, zuwa inda Thoa ke zaune. Gari ne ƙarami, kowa ya san wa ke kiran Koriya duk Lahadi. Thoa ba ta ɗago ba.

Da aka tashi Diep ta roƙi awa biyu ta je gida. Mahaifiyarsu ta zuba mata shinkafa, ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙen hanya, ta ce ta ci da sauri ta tafi kafin maƙwabta su gan ta. Thoa ba ta shigo ba. Cikin mako guda aka zuba wa babur ɗinta gam, aka daina sayar mata da ganye a kasuwa. Ƙawayen nan biyar suka rantse ba su taɓa magana da kowa ba. Ta bar 'ya'yanta biyu wurin tsohuwar, ta hau mota zuwa kudu neman aiki. Tun ranar ba ta ɗauki wayar Diep ba.

"Ni na rubuta shafin," na ce. "Kin hana ni."

"Na ga takardunsu bayan na fara aiki. Tun watan Janairu suka yanke, kafin a ba mu aikin ma. Abin da za su faɗa wa matan kawai suke nema, mu kuma muka kai musu har hawa na tara." Ta ɗago ta dube ni. "Kin ji sanyi yanzu? Ni ban ji ba."

Na tambaye ta ko za ta bar aikin.

"In je ina? Yanzu ni kaɗai ce mai albashi a gidanmu."

Ta duba agogo, ta ce ƙarfe ɗaya da rabi suna da taro. Na raka ta har ƙofar ginin, ta sa katinta a na'ura ta shige ba ta waiwayo ba.

Har yau tana can, an ma ƙara mata girma. Daga baya na ji Thoa ta samu aiki a wani gidan sarrafa kifi, tana zuwa ganin yaran sau ɗaya a shekara, a lokacin da ta tabbata ƙanwarta ba ta gari. Na rubuta wa Diep sau biyu. Na farko ta amsa da kalma ɗaya, na biyu ba ta amsa ba, ni kuma ban sake ba.