Kambun Kaka Ari

Damtsen Muttaka ya tsaya cak, kuma duk Haɗeja babu wanda bai ji labari ba, don shi Muttaka ba ya iya riƙe damuwa a ciki. Tun bara yake ɗaga ƙarfe a bayan tashar Auyo, yana narkar ƙwai da kifi, ƙwanji na ta fitowa. Sai kuma abu ya ƙi gaba.

Ma'auninsa ɗaya ne: wani tsohon kambu na fata da ya gada daga kakansa Ari, masunci, wanda ya rasu kafin a haife shi. Ya rantse sai damtsensa ya cika kambun nan. Kullum in ya zura, sai ya zamo masa har gwiwar hannu. Abin na ci masa rai ƙwarai.

Mukhtar, abokin ɗaga ƙarfensa, ya kawo masa wata 'yar kwalbar allurar ƙara ƙwanji.

"Ka yi wannan, kafin a yanke shinkafa ka fashe."

"An ce tana taɓa zuciya, har da haihuwa."

"An ce, an ce! Kana son kambun ko ba ka so?"

Yana so mana. Ya jefa kwalbar a aljihu, ya biya ta gidan kakarsa 'Yar'azumi, wai ko gaisuwa za ta ƙara masa ƙarfin hali. Ya tarar da ita tana gyaran bandar tarwaɗa.

"Angona, yau kuma wa ya taɓa min kai?"

Ya zayyana mata komai, har da allurar. Ya zura kambun don ta gani da idonta.

Tsohuwa ta duba, ta sake dubawa, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wa ya ce maka na hannu ne? A cinya yake ɗaurawa, don kada ya sarƙe masa komar kamun kifi! Hannun Ari ai kamar gorar tuƙa jirgi yake." Ta goge ƙwalla da gefen mayafi. "Da siraran hannuwan nan ya fito da ni da ubanka a ka, shekarar da ruwa ya ci unguwarmu. Yanzu kai za ka kashe min kanka kana gasa da cinyar mamaci?"

Kunya ta kama Muttaka, daɗi kuma ya rufe shi. Ya ajiye kwalbar a gabanta, ta tura ta ƙarƙashin tabarma ta zauna a kai.

"To saka shi inda ya dace mu gani."

Ya naɗe wando, ya ja kambun har cinya, ya miƙe yana hura hanci. Bawan Allah tunda ya fara ɗaga ƙarfe bai taɓa tuna yana da ƙafa ba. Kambu ya sulale har idon sawu.

"Ƙafar balbela," in ji 'Yar'azumi. "Gobe ka zo ka taka min laka a fadama ko ƙafar ta yi ƙwari, aiki bai ƙare ba."