Ƙoshiyar da ke Cikin Gilashi

Kun sha ganin wanzami ya buɗe bakin jinjiri ya yanke masa beli, kuka kau da kai, kuka koma ga furarku. Wasila ma ta taɓa yin haka.

Ran Laraba aka kai ɗaliban lakwal, wato makarantar kiwon lafiya, wani ɗaki a tsohuwar likita, asibitin gari, inda Majar Abarshi, malamin asibiti da ya yi ritaya, ya tara tsofaffin kayan aiki. Malamarsu, Madam Tsahara, ta ce kowa ya zaɓi abu guda ya zana a kayensa, wato littafin rubutu. Wasu suka rufar wa manyan allurai, wasu ma'aunin jarirai mai tsatsa.

Wasila ta tsaya gaban wata ƙoshiya da ke cikin gilashi, ƙarfen nan mai lanƙwasa na cire beli. Takardar da ke ƙasa ta ce: kayan zamanin da.

Hannunta ya yi ta gudu a kan kaye, ba ta ko ɗaga ido.

Imrana, ɗan ajinsu, ya leƙo. "Ke ƴar Tajaye, ina kika ga jan zare ga ƙotar? Ko gilashin ka yi maki gizo?"

Ta duba. Babu zare. Ashe ƙoshiyar wanzamin garinsu ta zana, wadda aka sa a bakin ɗan Muttaƙa, yayanta, bara waccan, tana tsaye riƙe da ƙwarya. Kwana biyu jini bai tsaya ba. Aka ce kwanansa ne ya ƙare.

Yanzu matar Muttaƙa ta sake haihuwa, mace. Gobe suna.

"Baba Majar, wa ya rubuta zamanin da?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ni na, ɗiyata. Fata nika yi."

Ta fita ta kira yayanta a waya.

"Yaya, a yi aski, amma kada a taɓa mata baki."

"Inna ta riga ta aika ma wanzami. Ke da ba ki ko ƙare lakwal ba, likitanci za ki gwada muna?"

"Ina nan tahe. Ni ka riƙe ta gobe, sai a ƙwace."

Ba ta jira Madam ba, ta nufi tasha.

Wasila ɗaya ce, ba za ta kai kowane gida ba. Akwai suna a unguwarku makon nan. Ku tashi ku je tun kafin wanzami ya buɗe zabirarsa, ku ce a'a da babbar murya.