Katifar Tambara

Wayar ta yi ƙara daidai lokacin da mata suke ɗebo ruwan wankan gawa. Sa'a ta duba. Na'Allah ne, daga Kwatano ta ƙasar Benin. Tun da idon Tambara ya raunana, ta wayar maƙwabciyarta Sa'a ɗan nata yake samunta.

Sa'a ta zaga bayan rumbu. Mijinta Baushe ya biyo ta.

"Kar ki hwaɗa mishi," in ji Baushe. "Ba a gaya ma na nesa mutuwar uwa a waya. Ki ce jiki ya yi tsanani."

Ta ɗauka.

"Inna Sa'a, ina kwana? Ba ni tsohuwa."

"Tana barci."

"Da hantsi? Ta sha kunu?"

"Kaɗan. Na'Allah, in da hali ka taho."



"Ciwon bayan ne kuma, ko? Na hwaɗa mata tabarmar nan za ta ƙarasa ta. Ki ce mata ina tahe."

Kafin azahar aka kai Tambara makwancinta.

Na'Allah ya kira daga Gaya, bayan kwalekwale ya tsallakar da shi kogi. Ya kira daga Doso. Daga Baleyara ya ce, "Ba sai kin tashe ta ba. Kai wayar kusa da ita, in ji numfashinta kawai."

Sa'a ta dubi ƙofar ɗakin Tambara, wadda aka tokare da turmi saboda awaki.

"Rezo babu, ba na jin ka," ta ce, ta kashe.

Bayan kwana biyu, da la'asar, amalanke ya shigo unguwa daga tashar Filinge, sabuwar katifa a kai, Na'Allah yana biye riƙe da ledar magani. Ya hango maza zaune kan tabarmi a ƙofar gidansu. Ya tsaya. Mai amalanke ya ci gaba shi kaɗai.

"Sai haƙuri," in ji Baushe.

Na'Allah bai dube shi ba. Sa'a ya nema.

"Yaushe?"

"Ranar da ka kira daga Kwatano."

"Kahin in kira?"

"Kahin."

Ya gyaɗa kai.

"Inna Sa'a, da kin hwaɗa min, da addu'a na yi mata a hanya. Ni ina can ina hwaɗa da direba kar ya lanƙwasa katifa."

Baushe ya kama hannunsa, suka nufi maƙabarta.

Ba wanda ya san inda za a ajiye katifar. Mai amalanke ya jingina ta da bangon ɗakin Tambara, cikin ledarta. Kaji suka taru a inuwarta.