Takun Kaka

Anti mai ɗinki ce ta kawo maganar wasan kwaikwayo unguwar. Ta ce ta gaji da ganin yara a bakin shagonta duk hutu suna tsince mata ƙyallaye, gara ta sama musu abin yi. Aka ba ta aron ɗakin taro, mai dogayen bencina da wata fanka da ke juyawa in ta ga dama. Cikin yaran babu wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a, amma kowa ya rantse shi zai fito a likitan ƙarya, don a kansa aka gina wasan.

Mage ba wasa ta zo yi ba, yayanta ta rako. Ana kiranta Mage ne saboda takan shiga ɗaki ta fita ba a ji motsinta ba. Da aka zo rabon matsayi kowa ya ƙi tsoho mai gadi, don aikinsa bai wuce ya ratsa dandamali ya buɗe ƙofa ya ce "Wane ne?" ba. Anti ta waiga ta hango ta a ƙarshen benci, ta je ta kifa mata hula a kai. Kafin Mage ta haɗa kalmar da za ta ƙi da ita, an wuce wurin.

Gwajin farko ta ratsa da sauri kamar an aike ta shago. Anti ta ce wannan ba tsoho ba ne, ta tuna wani tsoho da ta sani, ta yi irin tafiyarsa.

Tsoho ɗaya Mage ta sani sosai, Kakanta, tsohon kafinta. Tun da ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki, ita ke zama a kan turmi kullum da safe, yana tahowa wajenta daga ƙofar ɗakinsa don motsa ƙafa kamar yadda aka ce masa a asibiti. Sai ta sauke kafaɗa ɗaya, ta naɗe hannu a ƙirji, ta jefa ƙafa gaba, ta jawo ɗayar tana sharar ƙasa. Ta tsaya ta yi gyaran murya, sannan ta tambaya wane ne.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Dogo, wanda ya samu likitan, har da faɗowa daga benci. Anti ta ce kada ta canja ko taku ɗaya. Mage ba ta taɓa sa mutane dariya ba, daɗin abin ya bi ta har bakin titi. A nan ne Yaya, wanda bai yi dariyar ba, ya ce mata:

"Kin san Kaka ya ce zai zo kallo?"

Kaka bai ƙara taka ƙofar gida ba tun da aka sallamo shi daga asibiti. Shi dai yakan ce rana ce ta yi yawa, amma Umma ta taɓa faɗa musu cewa ba ya son mutanen da suka san shi da katako a kafaɗa su ga yana jan ƙafa. Yanzu zai fito saboda ita, ita kuma za ta sa unguwa guda ta yi wa tafiyarsa dariya.

Ta gwada hana shi. Ta ce masa bencinan ɗakin taron suna da tauri. Ya ce ya san taurinsu, shi ya buga su. Ta ce maganarta a wasan ba ta da yawa. Ya ce ai shi ya sa zai je, yarinyar da ko gaisuwarta sai an kasa kunne, dole ya ga ranar da za ta yi magana a taro. A wurin gwaji kuma ta koma tafiyar duƙe da hannu a ƙugu. Anti ta tambaye ta ina tsohonta na jiya ya shiga, Mage ta sunkuyar da kai. A ranta dai ta gama yanke shawara, ranar wasa ta duƙen za ta yi.

Ranar, da la'asar, ɗakin ya cika har taga. An ɗaura zannuwan gado a igiya a matsayin labule. 'Yan biyun gidan mai burodi suka manta maganarsu tare, uwarsu ta riƙa tuna musu daga cikin jama'a. Gemun audugar Dogo ya saki, ya ci gaba da duba marar lafiya yana riƙe da shi da hannu ɗaya. Ta ɓular zani Mage ta hango Kaka a bencin gaba, cikin rigarsa mai guga.

Anti ta tura ta waje. Idanu suka yi mata caa. Kanta ya ɗauke, shawarar da ta yanke ta ɓace, jikinta ya kama abin da ya fi sani. Kafaɗa ta sauka, hannu ya naɗe, ƙafa ta fara sharar katako.

Dariya ta taso daga baya. Sai kuma ta fara mutuwa daga gaba, benci bayan benci, mutane suna satar kallon Kaka. Mage ta isa ƙofa, ta ce "Wane ne?" ko ita da ƙyar ta ji kanta.

"Ɗaga murya, tsoho," in ji Kaka daga wurin zamansa. "Mu tsaranka kunnenmu ya yi nauyi."

Dariyar ta dawo har ta fi ta farko. Mage ta maimaita da ƙarfi, ta buɗe ƙofa, ta faɗa bayan labule.

Da aka tashi ta laɓe tana ninke zannuwa, har Yaya ya zo ya ce Kaka na kira. Ta same shi shi kaɗai a bencin. Hawaye suka riga ta magana. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce:

"Ke ja'ira, kin ɓata min aiki. Ƙafar dama nake ja, ke kuma hagu kika ja. Kullum kina gabana kina kallona, shi ya sa kika juya ni."

Ta dube shi tana shan majina. Ta ce ba za ta ƙara ba.

Ya ce wa ya faɗa mata, ai Anti ta sanar za a sake wasan gobe, kuma ba zai zauna a yi shi a karkace ba. Ya dafa kafaɗarta ya miƙe, ya ce ta tsaya a gefensa, ta kalli ƙafarsa da kyau.

Haka suka fito titi, shi yana jan dama, ita tana jan dama da hular mai gadi har kunne. Mai aski ya leƙo daga shagonsa ya ce yau tsofaffi biyu ne a hanya. Kaka ya tsaya ya ce ƙaramin sabon shiga ne, koya masa yake yi. Mai aski ya jawo masa kujera, Kaka ya zauna, hira ta ɓarke, Mage tana tsaye a gefensa tana jira.