Taku Uku a Tashar Haapaperä

Shekara ashirin da shida ke nan ina tuƙa bas ɗin da ke bi ta Haapaperä, kuma duk tsawon shekarun nan abin da ake kira tasha a ƙauyen bai wuce sandar ƙarfe ɗaya mai shuɗin allo ba. Mutum biyar ke jirana a wurin kullum, ƙarfe takwas saura ashirin na safe, lokacin da a nan, in sanyi ya shigo, gari bai gama wayewa ba. In ana ruwa su jiƙe, in dusar ƙanƙara ce ta taru musu a kafaɗa. Ba wanda ya taɓa kai ƙara ko'ina. Haka muke mu mutanen nan, kuma abin yana ba ni haushi, duk da cewa ni ma ban fi su ba.

Bana sai wata makarantar koyon zanen gini da ke birni ta raba wa ɗalibanta na shekarar ƙarshe ƙauyuka. Kowa ya zana rumfar jiran bas, ya haɗa ta da hannunsa, a kafa ta mako uku a gani. Wadda ta faɗo mana Vilja ce, wata siririyar budurwa mai jar hula, mai saurin magana kamar ana korar ta. Ita da bakinta ta gaya min sharaɗin. Ranar Juma'ar ƙarshe malaminta zai hau bas ɗina ya gani da idonsa. In mutane na shiga rumfar, rumfa ta zauna, ita kuma ta gama makaranta. In ba sa shiga, a ɗora rumfar a babbar mota a kwashe, ita kuma ta maimaita shekara.

Gaskiya rumfar ta yi kyau. Farin katako ne mai ƙamshi, bango uku, gaba a buɗe, rufi mai gangara. A ciki ta sa dogon benci ɗaya mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Ranar da aka kafa ta, Vilja ta tsaya a ƙofar bas tana yi min bayani.

"Sirkka, kin ga bencin? Mako shida na yi ina turara katakon ina lanƙwasa shi. Da gangan na yi shi haka, don mutane su riƙa fuskantar juna, su ɗan yi hira kafin ki iso."

Saura kaɗan gahawar da ke bakina ta fito ta hanci. Hira! A Haapaperä, da sanyin safiya! Amma sai na dubi hannuwanta duk sun tsattsage, na haɗiye gahawata.

"Ya kika gani?" ta ce.

"Ba laifi," na ce.

Mako biyu cur ba wanda ya sa ƙafa a cikin rumfar nan. Kullum na sha kwanar ƙarshe, fitilu su hasko min su biyar a jere a bakin hanya, kowa a inda ya saba, rumfa kuma na bayansu wayam. Dusar da iska ta kaɗa kan benci tana nan sumul, ko tsuntsu bai taka ba. Vilja kuwa ba ta sani ba, don ranakun aiki tana aji, sai Asabar take zuwa, ranar da bas ɗin safe ba ya tafiya. Ta ajiye takardu a akwatin wasiƙun gidaje tana tambayar ra'ayi, duka biyar suka mayar mata, kowa ya rubuta cewa ba laifi. Har hoton takardun ta ɗauka ta tura wa malaminta.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe abin ya ishe ni. Na dubi tsoho Taisto, wanda ya haura saba'in da biyar, yana tsaye jikin sandar ƙarfe, ruwan ƙanƙara na diga daga hularsa, ga rufi taku huɗu a bayansa. Da ya hau na kasa yin shiru.

"Taisto, rumfar cizo take yi ne?"

"Ba ta cizo."

"To me ya hana ka shiga?"

"Na bar wa Helmi. Ita ce mai ciwon gwiwa."

Helmi, mai aiki a ɗakin girkin makarantar yara, tana bayansa tana kakkaɓe riga. Ta ce, "Ni zan zauna tsoho na tsaye? Kai dai faɗi gaskiya, ba ka son a ga hancinka na yoyo."

"Nawa hancin ai a cikin gyale yake," in ji Taisto, ya wuce kujerarsa.

Da na sauke su a birni, na nemo lambar Vilja na kira ta. Na ce gobe ta same ni a babbar tasha ƙarfe bakwai, ta zauna kujerar gaba, kada ta tambaye ni dalili.

Ta zo da burodi mai kirfa a leda, wai ta kawo wa mutanenta. Duk hanya tana ba ni labarin irin rumfunan abokan karatunta, wani ya yi ta gilashi zalla, wata ta shuka ciyawa a kan rufi. Da muka sha kwanar ƙarshe sai ta katse labarin. Ta dubi mutum biyar a cikin dusa, ta dubi rumfarta. Suka hau ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗaga mata kai cikin ladabi, ba wanda ya haɗa ido da ita. Ledar burodin tana kan cinyarta har muka isa birni.

Ƙarfe goma nake komawa ta hanyar, bas ba kowa, gari ya waye sosai. Na tsaya a Haapaperä, na kashe inji, na buɗe ƙofa.

"Kada ki sauka tukun. Tsaya a matakala ki duba ƙasa."

Daga sama ana ganin su sarai. Wurare biyar ne da ƙafa ta tattake a cikin dusa, zagaye-zagaye, a jere a bakin hanya. Ta sauka ta taka daga na farko zuwa na biyu. Taku uku. Daga na biyu zuwa na uku, taku uku. Haka har na biyar.

"Na auna iska," ta ce. "Na auna inda rana ke fitowa. Na auna tsayin gwiwar tsofaffi, Sirkka. Gaba suke yi da juna ne?"

"Wace irin gaba? Lokacin da mijin Helmi ya kwanta asibiti, Taisto ne ya share mata dusar ƙofar gida har wata uku, bai taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa ba. Shekara goma sha huɗu suna jiran bas tare. Kawai dai da safe ba wanda ke son kallon fuskar wani. Bencinki kuwa, duk wanda ya zauna na biyu dole ya dubi na farko, in ya dube shi dole ya ce wani abu. Gara musu su jiƙe."

"To me ya sa ba wanda ya faɗa min?"

"Ke baƙuwa ce, kin sha wahala, kowa ya gani. Wa zai buɗe baki ya ɓata miki rai?"

"Ke ma kin ce ba laifi."

Wannan ta same ni, don gaskiya ce. Na ji kunya har cikin raina. Na ce mata, "Na faɗa. Shi ya sa na kira ki."

Ta zauna a kan bencinta, a kan dusar. Rumfar taku shida ce kacal, mutum biyar kuwa da tazararsu sai taku goma sha biyu. Ba katako, ba lokaci. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai na ga tana leƙen cikin bas ta bayana.

"A motarki fa? Na gan su ɗazu. Helmi na gaban Taisto, tsakaninsu bai kai taku ɗaya ba."

"Ai kowa gabansa yake kallo. Ga kuma bayan kujera a tsakani."

Ta miƙe tsaye a hankali. Ta shafa bencin tun daga wannan kai har wancan, kamar mai sallama da dokin da za a sayar.

"Kina da zarto?"

Ina da na marigayi mijina a rumbun itace, da guduma da kusoshi. Da rana na kawo mata. Ina nan tsaye ta ɗora zarton a tsakiyar katakon da ta yi mako shida tana lanƙwasawa, ta rufe ido, ta ja. A nan ne ta yi kukan, tana yanka tana share hanci da bayan safar hannu. Ni kuwa na koma mota, don mu ba ma tsayawa kallon mai kuka.

Laraba da Alhamis rumfar na zagaye da igiya, Vilja na ciki tana bugu. Ta yanka bencin gida biyar. Ta ciro allunan bangon baya na ciki ta tsayar da su a tsakani, sai rumfar ta koma lunguna biyar, kowanne da mazauninsa, duka suna kallon inda bas ke ɓullowa. Masu jira suna tsaye a wurarensu suna satar kallo. Sai Alhamis da yamma ta cire igiyar. Ba wanda ya gwada, kuma ba sauran ranar gwaji.

Juma'a aka tashi da ruwa gauraye da ƙanƙara, iska na watsa shi a gilashi. Malamin ya zo, wani dogo mai suna Rautio, da littafi a hannu, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya zauna kujerar gaba. Vilja na bayansa ta cusa hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Duk hanya abin share gilashi na ta kai da komo.

Na sha kwanar ƙarshe. Fitilu suka hasko sandar ƙarfe, suka hasko bakin hanya. Ba kowa.

A shekara ashirin da shida ban taɓa zuwa na tarar da wurin nan babu mutum ba. Nan take na ce a raina sun ji na tona su, sun ji kunyar yarinyar, kowa ya nemi wata hanyar zuwa birni. Ni na jawo. Da na yi shiru ma ƙila da sun tsaya a waje, ta samu abin cewa.

"Ba kowa," in ji Vilja, da ƙyar na ji ta.

Malam Rautio ya buɗe littafinsa. Na ɗaga ƙafa daga kan mai, motar na tafiya a hankali.

Sai wani ɗan ƙyalli ya motsa a gefen rumfar. Irin abin nan ne da muke ratayawa a riga don direba ya gan mu a duhu. Hannu ne ya miƙo shi daga lungu na farko, yana kaɗawa. Sai na biyu ya fito daga lungu na biyu. Sai na uku, na huɗu, na biyar.

Na taka birki har littafin malamin ya zame ƙasa. Na buɗe ƙofa. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, kafaɗunsu a bushe.

"Direba, ki ba ni minti biyu," in ji malamin.

Ni da ban taɓa jiran kowa ba na ce ya ɗauki uku. Ya sauka da 'yar tocila, Vilja na bin sa. Ya leƙa lunguna, ya taɓa mazaunan, ya girgiza allunan. A lungu na farko ya tsaya. Wata ƙatuwar tsohuwar ƙusa ce mai tsatsa a kafe a farin katakon, an buga ta a karkace.

"Wannan tana cikin zanenki?"

"A'a," in ji Vilja.

Taisto na matakalar bas, ƙafa ɗaya a sama. Ya juyo.

"Ni na buga, jiya da yamma. Yarinyar ta manta wurin rataye sanda."

"Ka san aikin jarrabawa ne ka buga wa ƙusa?"

"A wurina na buga," in ji Taisto. "Ban taɓa na kowa ba."

Helmi ta leƙo daga ciki ta ce, "Ka dai buga ta a karkace, kamar duk aikinka."

Malam Rautio ya dubi ƙusar, ya dubi tsohon, ya rubuta wani abu gajere. Sannan ya rufe littafin ya ce wa Vilja, "Rumfa ta zauna. Ƙusar kuma ki saka ta a zane kafin ki miƙo."

Vilja ta hau ta zauna jagwab, ta cire jar hular ta rufe fuska da ita. Kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Kowa ya kau da kai zuwa taga, kamar yadda ya dace. Taisto ya zo wucewa zuwa kujerarsa, sai ya tsaya daidai kanta, bai dube ta ba, gabansa yake kallo.

"Litinin zan kawo 'yar shimfiɗa," ya ce. "Katakon da sanyi, amma iska ba ta shiga."

Rabon da in ji Taisto ya yi doguwar magana irin wannan ba a tambaye shi ba, tun ranar jana'izar mijina. Na miƙa wa Vilja fulas ɗin gahawata ta baya, na rufe ƙofa, na tayar da mota. Mun isa birni a makare da minti huɗu, ba wanda ya kai ƙara.